Dariyar Sindun a Cikin Gwangwani

A dogon gidanmu na bakin Kogin Mujan, can cikin dajin Sarawak, gidan katako ɗaya a kan ginshiƙai da ake hawa da tsani, kowane iyali da ƙofarsa a jere, babu wanda bai san dariyar Sindun ba. In ta fashe da ita a wannan ƙarshen baranda, masu surfen shinkafa a wancan ƙarshen sai su tsaya da taɓare a hannu su ce, "To, wa kuma ya faɗi?" Ba ta iya riƙe ta. Takan kai hannu ta toshe baki, dariyar ta ɓulle ta hanci.

Kakarta, Ini Rabai, wadda ta raine ta tun rasuwar uwarta, ita kaɗai ce dariyar ba ta burge ta. Tun Sindun tana 'yar mitsitsiya tsohuwar ta sa ta a kwalekwale, ta tuƙa su sama da kogi, har inda wani baƙin dutse yake kwance a gefen ruwa. Ta ce ta duba da kyau. Sindun ta duba. Ga tsawo irin na gida, ga wasu ramuka a jere kamar ƙofofi.

"Gida ne," in ji Ini. "Da mutanensa a ciki. Biki suka yi, suka bugu, suka ɗaura wa kare zane suka sa shi rawa, suna ta ƙyaƙyata masa dariya. Kafin rana ta karkata sama ta yi baƙi, ƙanƙara ta sauko, aka yi tsawa guda. Shi ke nan. Akwai wata mai jego a ƙofa ta uku. An daɗe ana jin kukan jaririnta a cikin dutsen kafin ya yi shiru. Ki yi wa mutum dariya, ki yi wa ni kaina in kin ga dama. Amma dabba, ko kwaɗo ne, ki haɗiye abarki."

Sindun ta girma, ta yi aure, ta haifi ɗa namiji aka sa masa Muling, mutane suka koma kiranta Indai Muling, wato Uwar Muling. Mijinta ya bi sauran samari neman aiki bakin teku, ya bar ta da yaro da tsohuwa. Ɗakinsu shi ne na uku daga tsani. Ba ta taɓa faɗa wa kowa cewa wannan lissafin yana damunta ba, amma in kwalekwale ya zo wucewa ta gaban dutsen sai ta kau da kai ta ƙara matse yaron a ƙirjinta.

A shekarar da Muling ya fara rarrafe ne wani Bature ya iso, da kwalekwale cike da akwatuna, da matuƙansa, da tafintansa, wani mutumin Malay daga birnin Kuching mai suna Seman, mai farin wando da man gashi mai ƙamshi. Shi Baturen dogo ne, ja, sauro sun gama cinye masa wuya. Yana da wani baƙin akwati mai idon gilashi da yake kafawa kan ƙafafu uku, ya duƙa ya manna nasa idon a baya, yana juya wani mariƙi a gefe kamar mai niƙa. Kafin yamma yara sun sa masa suna Tuan Ƙafa Biyar, wato Yallaɓai Ƙafa Biyar.

"Majigi ake cewa," Seman ya yi wa mutane bayani a baranda, yana ta gyara kwalar riga. "A Kuching, da Singapura, har can ƙasarsu, mutane za su zauna a ɗaki mai duhu su gan ku a jikin bango, kuna motsi kamar yanzu."

"Su gan mu muna me?" wani ya tambaya.

"Kuna abin da kuka saba."

"Ba su da gona ne?" in ji Ini Rabai.

Gaskiya Tuan ba mugu ba ne. Ya wanke wa mai gida, Tuai Gerinang, gyambon da ya daɗe a ƙafarsa, ya ci shinkafa da hannu, ya sha giyarmu bai yamutsa fuska ba. Sai dai ba ya son abu yadda yake. Ya sa maza suka tuɓe rigunan da suka saya wurin ɗan China, aka ɓoye fitilar kananzir bayan tabarma, aka sa masu dawowa daga gona su sauka su sake hawa tsani, su sauka su sake hawa, har wata ta ce ko a gona ba ta gaji haka ba. Duk sanda ya gama juya mariƙinsa sai ya cusa hannuwansa cikin wata baƙar jaka, ya yi ta lalube yana kallon rufi, sannan ya fito da wani faffaɗan gwangwani, ya liƙe bakinsa, a kai shi cikin akwatin ƙarfe da ke ƙofar ɗakin Tuai.

Wata rana wani yaro ya sa farce zai ɓamɓare murfin ɗaya. Seman ya daka tsalle kamar an taka masa wutsiya.

"Kai! Sake shi! Haske yana kashe abin da ke ciki. Ko ƙyas ya shiga, duk wahalar nan ta tashi a banza!"

Sindun tana wurin, kuma yadda idanun Seman suka yi tulu-tulu ne ya sa ta dariya har da riƙe ciki. Maganar hasken ba ta ɗauke ta a bakin komai ba a lokacin.

Ana saura kaɗan su tafi, Tuan ya fito da abin da ya daɗe yana ɓoyewa a wani kwando mai rufi. Ɗan biri ne, ya saya wurin maharba a ƙasan kogi. Daga aljihu kuma ya zaro wata 'yar jar riga, tsawon tafin hannu, da hula daidai kan biri. Ya yi magana yana murmushi, Seman ya juya mana.

"Tuan ya ce mutanen ƙasarsu suna son abin dariya a tsakiyar majigi. Za a sa wa birin riga, a zaunar da shi a nan baranda, a ba shi shinkafa da cokali, ku kuma ku kewaye shi ku yi..."

Bai ƙarasa ba. Mata sun riga sun juya baya suna rufe wa yara ido. Ini Rabai ta toshe kunnuwanta biyu. Sindun ta ji dariya ta taso mata daga ciki ganin 'yar hular, ta cije leɓe har sai da ta ji ɗanɗanon jini.

Tuai Gerinang bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Gaya wa Tuan ya ci shinkafarmu, ya kwana ƙarƙashin rufinmu, duk abin da ya nema mun yi masa. Wannan kam a'a. Ko maganar ma kada a sake yi a gidan nan. Ya mai da rigar aljihu."

Seman ya fassara, ya ƙara da wani abu da ya sa Baturen ɗaga gira. Amma ya mai da rigar, ya rufe kwandon, ya ɗaga hannu biyu alamar ya haƙura. Kowa ya yi ajiyar zuciya.

Washegari da safe ya kafa akwatinsa a dandamalin shanya, ya nemi mata su zauna suna tsince shinkafa. Sindun ya ɗauko da kansa ya zaunar a gaba, Muling a cinyarta. Suna zaune suna jiran a ce su fara, sai ga Seman yana hawowa tsani, cikin farin wandonsa, da tasa cike da ruwa a ka. Ya kai tsakiya ke nan ƙafa ta zame. Ya yi ta wulwula hannu a iska, ya saki wata ƙara kamar kaza, ya tafi da baya, tim, cikin lakar aladu da ke ƙarƙashin gida. Ƙafafunsa kaɗai ake gani suna harbin iska, tasar kuwa ta kife masa a fuska.

Matan nan suka zube. Sindun ta fi kowa. Ta yi dariya har hawaye suka wanke mata fuska, har Muling ya tsorata ya fara kuka, ta rungume shi tana ci gaba. Tana jin ƙarar mariƙin yana juyawa kusa da ita, ƙirr, ƙirr, ba ta kula ba. Sai daga baya ta tuna cewa idon gilashin bai taɓa juyawa wajen tsani ba. Tun kafin Seman ya fara hawa, ita yake kallo.

Bayan nan Tuan da Seman da matuƙansu suka shiga daji da akwatin da kwandon, ba su nemi ɗan rakiya ba. Rana ta take. Wani irin zafi ya sauko mai nauyi, ko ganye ba ya motsi, kaji suka shige ƙarƙashin gida suka buɗe baki.

Sindun tana wanki a bakin ruwa da wasu mata lokacin da suka dawo. Seman ne a baya, da gwangwani a hammata, wandonsa har yanzu da shatin laka.

"Sannu da wanka, ɗan birni!" ta ce. "Aladu sun ce a gaishe ka. Wai yaushe za ka koma, sun gyara maka shimfiɗa."

Matan suka kwashe da shewa. Wata ta ce, "Ku bar shi, man gashin ne ya sauko masa ƙafa."

Seman ya tsaya. Kunnuwansa sun yi ja. Ya ce, "Yi dariyarki, Indai Muling, ai tana yi miki kyau. Ni da na tashi a kan jirgin ruwa, kina ganin wannan guntun iccen naku ne zai kayar da ni? Tuan ne ya ce in faɗi."

"Don me?"

"Don ya sami haƙoranki." Ya ƙwanƙwasa gwangwanin da ɗan yatsa. "Ga ki nan a ciki, baki buɗe. Bayanki kuma ga biri, da jar rigarsa da hularsa, yana cin shinkafa da cokali kamar ɗan sarki. Yanzu muka ɗauko shi a daji. Zaren hoto ɗaya ne naɗe a ciki, ke gaba, shi baya. In mun isa Kuching a yanka a jona. A nuna biri, a nuna ki. A nuna biri, a nuna ki. Ni ba wanda zai ko ga ƙafata. Duk wanda ya kalla zai rantse biri kike yi wa. Yau, gobe, jibi, har ki tsufa ki mutu kina nan a bango kina yi masa."

Zanen da take wankewa ya suɓuce ya bi ruwa, babu wadda ta bi shi.

"Ai ban ga birin da riga ba," in ji Sindun.

"Bango bai san wannan ba," ya ce, ya haye tsani, a wannan karon ko tangaɗi bai yi ba.

Ta ɗaga kai. Can sama da kogi, ta wajen baƙin dutsen, gajimare ya fara taruwa, ba fari ba, ba toka-toka ba, wani irin kore-kore kamar tsohon rauni.

Ba ta san yadda ta hau ba. Ta sami Ini tana kaɗa lilon zanen da Muling ke barci a ciki, ta durƙusa ta faɗa mata komai, kalma na hawa kan kalma. Tsohuwar ta daina kaɗa lilon.

"Ini, ba laifina ba ne ko? Mutum na yi wa dariya. Ke kika ce in yi wa mutum."

"Na ce."

"To?"

"To yanzu ina dariyar take?"

"A gwangwani."

"Birin fa?"

Sindun ta juya ta dubi Muling a cikin lilo.

Kafin a jima magana ta game gida. Maza suka taru ƙofar Tuai. Wani ya ce tun da ba ta gan shi ba babu komai. Wani ya ce su mutanen dutse da aka haɗa da su har da waɗanda ke barci, su sun ga karen ne? Wani ya ce ai Kuching da nisa, in tsawa za ta faɗi ta faɗi can. Aka ce masa tsawa ta san fuska, kuma fuskar 'yar gidan nan ce. Tuai ya sa aka kira Tuan, ya roƙe shi gwangwanin a gaban kowa.

Baturen ya saurara da kyau. Ya dubi Sindun, har da alamar tausayi a fuskarsa, ya yi magana a hankali kamar mai lallashin yaro.

"Ya ce kada ku ji tsoro," in ji Seman, yana kallon ƙasa, don ya fara gane abin da bakinsa ya jawo. "Ba mutum ba ne a ciki. Inuwa ce kawai."

"Inuwar wa?" in ji Ini Rabai.

Seman bai fassara ba. Tuan ya ce abin da ke cikin gwangwanin ya fi ƙarfin a ba da shi, gobe da sassafe za su tafi, kowa ya huta. Ya dafa kafaɗar Tuai ya wuce.

"Mu ƙwace mana!" wani saurayi ya faɗa.

"Kayan baƙo, a ƙarƙashin rufina?" Tuai ya juyo masa. "Wanda ya taɓa, tara ce mai nauyi a kansa, ko ɗana ne. Bayan ita kuma 'yan sandan gwamnati su hayo kogi. A kamo kaza, mu yi abin da muka sani."

Ba a gama yanka kazar ba iska ta iso. Ta fara da kwashe tabarmin shanya, shinkafa ta watse kamar an yi feshi. Sai duhu. Tsakar rana ce, amma daga ƙofa ba ka ganin ƙofar maƙwabcinka. Aladu suka fara ihu a ƙasa. Aka ɗauko gangunan tagulla ana bugawa ba kiɗa ba tsari. Ini ta yanki tufkar gashinta ta jefa a murhu, warin ya cika ɗaki, tana magana da sama da wata murya da Sindun ba ta taɓa ji a bakinta ba: "Mun ji, mun ji! Ba mu yi ba! Wuce, wuce, ka bar mana katako ya zauna katako!"

Tuan da Seman da matuƙa suka ruga bakin ruwa ɗaure kwalekwalensu da ke neman tsinkewa.

Sindun ta ciro Muling daga lilo ta zauna da shi a lungu, bayan tulun gadon uwarta mai zanen macijin ruwa. Gidan gaba ɗaya yana kuka, ginshiƙai suna ciccije. Sannan ta ji wani sabon sauti a rufi. Ba irin na ruwa ba ne. Ƙwas. Ƙwas-ƙwas. Kamar ana jifa da tsakuwa. Wani abu ya faɗo ta ɓular rufi ya gangaro har gaban ƙafarta, fari, kamar ƙwan tsuntsu. Ta taɓa shi, ya ƙone ta da sanyi. Ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba, amma ba ta buƙaci a gaya mata ba.

Muling da ke ta tsala ihu sai ya yi shiru. Idonsa biyu, yana kallon rufi, bai ko ƙifta ba. Ta kama tafin ƙafarsa. Sanyi ƙalau. Ta matsa, ta ji kamar bai lotsa ba. Ko hannunta ne ya mutu don tsoro, ko ƙafar ce, ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne ƙofarta ce ta uku.

A nan ne fuskar Seman ta dawo mata, da idanunsa tulu-tulu ranar da yaron nan ya sa farce. Haske yana kashe abin da ke ciki.

Ta danƙa wa Ini yaron, ta zari 'yar wuƙar fere kaba daga jikin bango, ta fita. Baranda cike da mutane, amma kowa na kallon rufi. Akwatin ƙarfen yana nan, Seman cikin sauri bai sa masa kwaɗo ba. Ta ɗaga murfi. Gwangwanaye a jere, duk kama ɗaya. A sama akwai biyu da liƙinsu sabo ne, da rubutun Tuan a kai, wanda a wurinta bai fi sawun kaza ba. Hannunta ya tsaya a tsakaninsu. Ɗaya yana da ɗan shatin laka a gefe. Ta ɗauke shi.

"Indai Muling!" Muryar Tuai ce. "Ajiye!"

Ta ruga ta ƙofar dandamali ta faɗa waje. Ƙanƙara ta rufe ta da duka, a ka, a kafaɗa, a baya. Ta durƙusa kan gorar da aka shimfiɗa, ta sa wuƙa ta yanke liƙin, ta ɓamɓare murfin, farcenta guda ya tafi da shi. Baƙar takarda ce a ciki. Ta yage. Ga abin, naɗe kamar maciji mai barci. Ta dubi sama, gabanta ya faɗi: duhun nan, ina hasken da zai kashe wani abu? Ta kama bakin zaren ta miƙe tsaye ta yi ta ja, tana warwarewa, yana zuba a ƙafafunta, tana ɗaga shi sama da hannu biyu tana kuka, "Ga shi nan! Duba! Kashe shi!"

Walƙiya ta tsaga sama daga wannan gefe zuwa wancan. Komai ya yi fari fat, har ta ga jijiyoyin hannunta. Tsawar da ta biyo baya ta jefar da ita ƙasa.

Tana kwance tana jira ta ji jikinta ya sandare. Ta motsa ɗan yatsa, ya motsu. Ta jawo zaren kusa da ido tana neman fuskarta. Babu. Ta ja gaba tana neman jar riga. Babu biri, babu haƙora, babu kowa. Abu ne kawai mai santsi, launin ruwan shinkafa, da 'yan huji-huji a gefe.

Haka Tuan ya same ta. Ya hayo da gudu yana ihu da yarensu, ya zo gab da ita da hannu a ɗage, sannan ya tsaya. Ya dubi zaren da ya cika dandamali, iska tana wasa da shi. Sai ya zauna daɓas cikin ruwa, ya ɗebi wani a tafin hannu, ya faɗi wata gajeriyar magana a hankali. Seman yana tsaye a bayansa, bai fassara ba, ba kuma wanda ya nema.

Ba a san daidai lokacin da ƙanƙarar ta tsaya ba. An dai farga ruwa ne kawai ke zuba, irin wanda aka saba, mai ɗumi. Daga cikin ɗaki na uku kuma wani kuka ya taso, mai ƙarfi, na yaron da yunwa ta kama. Sindun ta rarrafa ta shiga. Ta karɓe shi ta sa masa nono, ta kama tafin ƙafarsa ta matsa. Ya lotsa. Ta sake matsawa, ta sake, har ya harbe ta.

Da ruwa ya ɗauke aka shimfiɗa tabarma a ƙofar Tuai. Babu wanda ya zage ta, wasu matan ma suna wucewa suna shafa mata kai. Amma ta taɓa kayan baƙo a ƙarƙashin rufi, wannan kuwa ba ya wucewa haka. Tuai ya yanke: tulun gadon uwarta. Tuan ya girgiza kai ya ce ba ya so, me zai yi da tulu. Tuai ya ce a gaya masa ba don shi ake bayarwa ba, don gidan ne, in bai karɓa ba maganar ba ta mutu ba, in kuma ya karɓa babu zancen kai ƙara bakin kogi. Ya karɓa. Sindun da kanta ta juye shinkafar da ke ciki, ta share shi da zanenta, ta naɗe shi da kaba don kada ya fashe a hanya.

Da safe suka sauka bakin ruwa. Kogi ya cika, ja, yana ɗauke da rassa. Aka loda akwatin ƙarfe, yanzu da kwaɗo biyu, aka loda tulun. Ta hango birin a kwandonsa, ba riga ba hula, yana ɓare wani ɗan itace, ta yi saurin kau da kai.

Ta tari Seman yana shirin shiga kwalekwale. Muling na goye a gefenta.

"Seman. Ka yi haƙuri da maganar aladu."

"Ya wuce."

"Gwangwani biyu na gani a sama. Wanda na buɗe, shi ne?"

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a ruwa. Ya dubi yaron, ya dubi hannunta da aka ɗaure da tsumma.

"Shi ne, Indai Muling. Shi ne mana. Je ki abinki."

Ya faɗa da sauri, kuma bai dube ta ba. Ya shiga, aka tura. Tuan yana zaune a tsakiya, hannunsa ɗaya a kan akwatin ƙarfen. Sun kusa shan kwana ta ji wani sauti ya biyo ruwa. Ba ta tabbata ba ko tsuntsu ne, ko kuwa Baturen ne yake fito da baki. Mutumin da aka kashe wa aiki jiya zai yi fito yau? Ta tsaya tana saurare har kogi ya haɗiye su.

"Me ya ce?" Ini ta tambaye ta a kan tsani.

"Ya ce shi ne."

"To," in ji tsohuwar.

Gidan yana nan, katako ne har yau. Muling ya girma ya yi jikoki. Dariyar Sindun ma ta dawo bayan wani lokaci, sai dai ba duka ba. Takan fara, ta kai tsakiya, sai ta yanke kamar an kira sunanta, ta karkata kai tana sauraron sama. Babu wanda ya taɓa zuwa daga Kuching ya ce ya gan ta a bango. Babu kuma wanda ya zo ya ce bai gan ta ba. Tun daga ranar har Muling ya girma, kowace safiya, kafin ta hura wuta, takan tsaya a ƙofa ta uku ta nutsa farce a jikin ginshiƙi, ta ga ya shiga, sannan ta je ta taɓa ƙafar yaron.